Mun Samu Takardarki

Akwai wani kati a gidanmu na unguwar Rumde, a Jimeta, da ya girmi kowa a gidan, in ka cire ni. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Yana cikin firam na katako da gilashi, an rataye shi a bangon zaure tun ina yarinya. Makon jiya jikata ta sauko da shi, ta goge shi da bakin mayafinta, ta ce an ba su aiki a makaranta, kowa ya kawo wata hujja ta tarihi da ke nuna yadda ƙasashen duniya suka haɗa kai bayan babban yaƙi don kare haƙƙin ɗan Adam. Ta ce, "Kaka, ai mu tamu hujjar tana gida." Da ta ɓalle bayan firam ɗin, warin tsohuwar takarda da ta sha hayaƙin itace ya bugi hancina, nan take zuciyata ta tafasa kamar jiya aka yi abin. Ban yi mata tsawa ba, don ba ta san komai ba. Amma kai mai karatu, gyara zama, na gaji da haɗiye maganar nan.

Layi uku ne a jikin katin, da Turanci, bugun tafireta, a ƙarƙashin sunan wadda aka aiko wa. Sun ce sun samu takardarki, za a miƙa ta ga waɗanda ke duba irin waɗannan al'amura. A kusurwa akwai wata lamba da aka rubuta da hannu, a ƙasa kuma hatimin babbar majalisar nan ta ƙasashen duniya. Shi ke nan. Katin bai faɗi abin da ke cikin takardar da aka samu ba. Ni na sani, domin kakata ce ta aika da ita, kuma a kan mutuwar ubana ce.

Asalinmu fatake ne. Kakannina sun gangaro daga ƙasar Hausa da jakuna, suka zauna a wani ƙauye can kudu da Yola, a gindin duwatsu, cikin yankin da Bajamushe ya bari. Bayan yaƙi aka ce wannan yanki ba mallakar Bature ba ne, amana ce ƙasashen duniya suka ba shi ya riƙe, shi ya sa ake kiransa ƙasar amana. A can aka haife ni. Kwana uku da haihuwata, yaran mai sarautar wurin suka zo tara mutane aikin tilas, ana fasa hanya a kan dutse, suka tafi da ubana da jakunansa. Ya roƙe su su bar shi har a yi suna, suka ce aikin hukuma ba ya jiran rago. Ranar suna da sassafe sai ga shi ya sulalo ya dawo, ƙafa duk ta fashe. Ya faɗa wa liman sunana, aka raɗa, aka shafa fatiha. Ba a gama fiɗar ragon ba suka iso. Suka ɗaure shi a turke a ƙofar gidan mai sarautar, suka yi masa bulala don wasu su gani, suka bar shi cikin rana har la'asar. Ya kwana biyu yana aman jini, a rana ta uku Allah ya karɓi abinsa. Aka ce zazzaɓi ne.

Uwata ta gama takaba, ta yaye ni, danginta suka zo suka tafi da ita. Kakata ta goya ni, ta baro ƙauyen ba ta waiwaya ba, ta zo Jimeta wurin babban ɗanta, yayan ubana, wanda muke kira Bappa. Shi akawu ne a ofishin hukuma, mai farar riga da alƙalami a aljihu, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron ya taka wani. Ita kuwa Dada, haka nake kiranta don haka na ji 'ya'yanta na kiranta, wuta ce. Gajera ce, siririya, in ta yi magana a tsakar gida ana ji a bakin titi. Masu cewa ina da zafin rai, ga inda na ɗebo shi.

Jimeta ta lokacin kogi ne ke juya ta. In damina ta zauna, Binuwai ya cika ya tumbatsa, sai ka ji kukan jiragen ruwa tun daga nesa, kowa ya yi bakin ruwa. Lebura suna sauke gishiri da kananzir, suna loda buhunan gyaɗa, ko'ina warin kifi da man inji da laka. In ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, mu yi ta tsalle a kai har a aiko a koro mu. Dada kunun gyaɗa take damawa kullum da safe, na sayarwa, ni ke wanke mata ƙoƙuna. Tana damu tana magana ita kaɗai, ƙasa-ƙasa. Na daɗe ina zaton addu'a take yi. Daga baya na gane labarin ranar sunana take maimaitawa, daki-daki, don kada wani abu ya zube mata.

Cikin masu shan kununta akwai wani tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙetare ya dawo da ɗingishi. Shi ya kawo mata maganar, ina da shekara shida. Ya ce bayan yaƙin da suka yi, ƙasashe sun taru sun yi alkawari ba za a ƙara taka ɗan Adam kamar tabarma ba, kuma duk mutumin ƙasar amana da aka zalunta yana da ikon ya rubuta musu kai tsaye, ba sai ta hannun Bature ko sarki ba. Ya ce baƙi daga majalisar suna tafe Yola su duba yadda ake riƙon amanar. Dada ta ajiye ludayi, ta sa ya maimaita. Da yamma ta sami Bappa ta ce ya rubuta mata, tunda shi ya san Turanci. Ya ce, "Dada, ki rufa mini asiri. Wanda ya tafi ya tafi. In aka ga hannuna a wannan takarda, aikina ya ƙare." Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Ƙaninka ne fa." Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ba ta dama kunu ba. Ta ja hannuna muka kama hanyar Yola a ƙasa, muka bi ta gefen tafkin Njuwa, masunta suna shanya taru, mata suna korar tsuntsaye daga shinkafa. In ƙafata ta gaji ta goya ni, ta sauke, ta sake goyawa. A unguwar Wuro Hausa, cikin Yola, akwai wani modibbo, Bafulatani, malamin allo, da ke rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci. Ya saurare ta har ta kai ƙarshe bai katse ta ba. Sa'an nan ya ce, da irin Hausarsu ta Yola da ba ta raba mace da namiji, "Tsohuwa, ka san abin da kake ɗauka? Wannan magana yana da nauyi." Ta ce, "Shekara shida ina ɗauke da ita, modibbo. Rubuta." Ya fiƙe alƙalami, ya jawo tawada. Ya rubuta biyu, iri ɗaya, ya ce ɗaya ta baƙi, ɗaya tata, domin takardar da ta bar hannunka ba taka ba ce kuma. Wannan tsoho da bai taɓa shiga ajin boko ba ya fi masu digiri da yawa da na sani sanin yadda ake tsare hujja.

Ba a bar talaka ya je kusa da masaukin baƙin ba. An share hanya, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an zaɓo waɗanda za su yi magana, an gaya musu abin da za su ce. Amma Dada ta san abin da masu shirin suka manta. Lokacin babu gada, duk motar da za ta haye kogi sai ta tsaya jiran jirgin fito, ko ta wane ce. Ranar da baƙin za su haye, muka je bakin ruwa tun hantsi, ta aza ƙwaryar kunu a ka kamar mai talla. Da motarsu ta tsaya, ta dire ƙwaryar ta kutsa. Wani dogari ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi, ta zura hannu ta tagar mota. Wani mutum a ciki ya karɓa, ya dube ta, ya sa a jakarsa. Zan faɗi gaskiya ko da ina fushi, mutumin nan ya karɓa, bai jefar ba. Muka dawo gida gwiwarta na jini tana ta dariya. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ranar.

Bayan watanni sai ga ambulan ta gidan waya, da kan sarki irin wanda ba a taɓa gani ba a unguwarmu, aka kai wa Bappa a ofis. Ya shigo gida fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Ya karanta mata layi ukun, ya fassara. Ta ce, "Sai me?" Ya ce, "Shi ke nan." Ta ce to za su sake aikowa, mutanen da suka iya cewa sun samu ai sun iya cewa ga hukunci. Bappa ya cusa katin ƙarƙashin katifarsa, ya hana a yi zancen ko a tsakar gida. Ita kuwa ta shiga jira. Ta ɗauka ta ruwa amsar za ta zo, tunda daga ƙetaren teku ce, saboda haka duk damina in jirgi ya yi kuka sai ta ce mini, "Ƙawata, je ki leƙa zaure ko an kawo." Na yi wannan leƙen har na gaji.

Aka samu 'yancin kai, aka raba mana 'yan tutoci a makaranta muka yi ta maci a rana. Aka jefa ƙuri'a a ƙasar amana, yankin ya shigo Nijeriya, amana ta ƙare. Babu wanda ya zo ya tambayi Dada komai. Mai sarautar ya mutu a kan gadonsa, aka yi masa jana'iza ta girma. Da Bature ya tafi, kowa ya koma yana cewa shi ma ya yi gwagwarmaya, sai Bappa ya zaro katin nan daga ƙarƙashin katifa, ya kai wa kafinta ya yi masa firam, ya kafa a zaure. Mutumin da ya ƙi ɗaga alƙalami shi ne ke nuna wa baƙi da yatsa, yana cewa gidanmu har majalisar duniya ta san da shi.

Ɗaya takardar tana ɗakin Dada, a naɗe cikin ƙyallen saƙi, a ƙasan adudun tufafinta. Ba ta iya karatu ba. Da na yi nisa a makarantar allo na fara haɗa baƙi, sai ta ɗora ni a kai. Duk ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci gida ya yi shiru, sai ta wanke hannu, ta fito da ita, ta zauna a bakin gado ta ce, "Karanta." Na fara da i'ina, har na zo ina zuba ta ba tsayawa. In na tsallake kalma sai ta ce, "Koma." Akwai sunan ubana a ciki, da sunan ƙauyen, da na mai sarautar, da na mutum uku da suka riƙe bulala. Ba ta nemi diyya ba, ba ta nemi a ɗaure kowa ba. Abu ɗaya ta nema, a rubuta a littafinsu cewa ba zazzaɓi ne ya kashe ɗanta ba.

Bayan an yanka jihohi muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. Ina kwalejin horon malamai lokacin, na zo hutu. Wata safiya sai ga wani malamin jami'a da kyamara a wuya da littafin rubutu, wai yana tattara tarihin ƙasar amana, ya ji labarin katinmu. Ka san al'adarmu, baƙon namiji iyakarsa zaure. Bappa ya shimfiɗa masa darduma, aka aiko ni da kunu. Ina durƙushe ina zubawa na ji baƙon ya tambayi abin da takardar ta ƙunsa. Bappa ya gyara hula, ya ce, "Ai roƙo ne muka yi. Mun nemi a gina mana makaranta da rijiya, muka kuma yi musu godiya." Muka, in ji shi. Baƙon yana ta rubutawa yana gyaɗa kai.

Dada tana bayan katangar zauren tana ɓarar gyaɗa, tsakaninsu bai kai taku goma ba, ta ji komai. Da na shigo na same ta tsaye, takardar a hannunta. Ta ce, "Kai masa." Na koma, na durƙusa, na miƙa wa baƙon. Ya buɗe ƙyallen, ya ga baƙaƙen Larabci da tawadar allo. Kafin in buɗe baki Bappa ya yi dariya ya ce, "Addu'o'in tsohuwa ne, kowa ya zo sai ta nuna masa." Sai malamin nan, wanda ya taso tun daga nesa neman hujja, ya yi sauri ya naɗe ta, ya ce ba shi da alwala, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Ko layi ɗaya bai karanta ba. Ban sani ba ko ya iya ajami ko bai iya ba, abin da na sani shi ne bai tambaya ba. Ya ɗauki hoton katin, ya sha kununta ya yaba, ya tafi. Bai ko tambayi mai sunan da ke jikin katin tana raye ko ta mutu ba.

Ni kuma fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina da baki, ina da Turanci, na haddace takardar. Da na ce masa ba addu'a ba ce, bari in karanta maka, da magana ta ƙare. Amma an rene ni a kan yarinya ba ta ƙaryata babba a gaban baƙo, sai na haɗiye, na tashi da ƙyallen na koma ciki. Da wannan tarbiyyar ake yabona a unguwa. Har yau in na tuna durƙuson nan sai in ji kamar in mari kaina.

Dada ba ta yi faɗa ba ranar, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta karɓa ta mayar cikin adudu. Da la'asar ta kira ni ta ce, "Ƙawata, na gane. Su rubutun bokonku kaɗai suke gani. Ki kwafe mini ita da shi, ki juya ta Turanci, ki ajiye a wurinki." Na ce to, sai na gama shirin jarrabawa. Hutu ya ƙare na ce sai hutu na gaba, takarda ai ba ta da ƙafa. Ta tuna mini sau biyu, a na biyun har ƙunƙuni na yi mata.

Tsakiyar damina aka aiko makaranta cewa Allah ya yi mata rasuwa. Hanya ta lalace, motar da na hau ta kafe a laka, ban iso ba sai ranar addu'ar bakwai. Na gaisa da mutane, na shige ɗakinta, na tarar an share shi tas, adudun a buɗe ba komai. Goggo, ƙanwar ubana, ta ce an raba tufafin. Na ce takardar fa? Ta ce, "Ta cikin saƙi? Ai mun haɗa da tsofaffin warƙoƙin da kakanki ya bari, an kai kogi." Haka ake yi a wurinmu. Takardar da ke da baƙaƙen Larabci ba a barinta tana yawo, kada a taka sunan Allah, sai a ɗaure ta da dutse a sa a ruwa mai gudu. Goggo ba ta iya karatu ba, ta ga bisimilla a sama, ta yi abin da take ganin girmamawa ce. Ban riƙe ta da komai ba. Amma na tambaye ta wa ya kai, ta ce Bappa ne ya ce a ba shi, da kansa ya shiga kwalekwale har tsakiya.

Na zama malamar tarihi, na tsufa ina riƙe da alli. Wata rana a laburaren makaranta na buɗe wani littafi kan ƙarshen mulkin Bature a yankinmu, sai ga katinmu. A ƙarƙashin hoton an ce wani gida a Jimeta ya rubuta yana neman makaranta da rijiya, alamar yadda talakawa suka amince da sabon tsarin duniya. Madogarar kuwa, hira da mai gidan. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki, don wasu littattafan sun kwafa daga wancan, kuma ɗalibaina sun rubuta mini ita a jarrabawa. Ka yi tunanin kana riƙe da jan biro a kan wannan amsa, kuma bisa littafi daidai ce.

Ban koyar da alkawuran bayan yaƙi da raini ba. Da ba don su ba, da Dada ba ta san akwai ƙofar da tsohuwa mai kunu za ta buga ba. Amma duk ajin da na shiga sai na ce musu, in an nuna muku takarda, ku tambayi wa ya rubuta, wa yake tsoro ranar da ya rubuta, wa kuma ke zaune a bayan katanga ba a kira shi ba. Sun ɗauka salon koyarwa ne, ba su san da Bappa nake faɗa ba. Na tare shi sau ɗaya, ya tsufa, ido ya tafi. Ya ce, "'Ya'yan mai sarautar nan su ne manyana a ofis a lokacin. Da sunayen nan sun fita, wa zai riƙe ku? Wa ya kai ki makaranta?" Gaskiya ne, shi ya kai ni. Na ci tuwonsa, na yi masa jinya har ya cika. Na yafe masa tsoron da ya ji, don tsoro halitta ne. Shiga kwalekwalen nan ne na kasa yafewa, ina roƙon Allah ya ba ni iko kafin in bi su.

Za ka ce me ya hana ni rubutawa daga ka duk shekarun nan. Na yi ta gaya wa kaina abin da aka koya mini, wai abin da ba shi da asali a takarda ba hujja ba ne. Gaskiyar ita ce kunya, duk na ɗauki biro sai in ji muryarta tana tuna mini.

Duk wannan na gaya wa jikata, katin a cinyarta. Jimetar da ta sani daban ce, gada ta kashe jirgin fito, jiragen ruwa sun daina zuwa, inda Dada ta faɗi a kan gwiwa yanzu masu ɗiban yashi ne ke loda tifa. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan lambar kusurwa. Ta ce, "Kaka, wannan lambar fayil ce. Irin waɗannan wurare ba sa zubar da takarda. Ƙila wadda aka miƙa ta tagar mota tana can." Shekara nawa ina kallon lambar nan, ni malamar tarihi, haushi ya rufe mini ido ban taɓa kawo wannan ba. Ta ɗauki hoton katin da wayarta, ta nemo inda ake tura tambaya, ta rubuta, ta aika. Amsar ta zo kafin in gama gyara ɗankwalina. Ta karanta mini: sun samu saƙonmu, za a miƙa shi ga waɗanda ke duba irin waɗannan al'amura. Har da lamba.

Na yi dariya irin wadda ba ta da daɗi. Ta ce mu jira, ƙila su sake aikowa. Na ce Allah ya sa, amma an riga an yi wannan jiran a gidan nan, ba za a sake yin sa hannu naɗe ba. Na ce ta ajiye wayar ta ɗauko littafi da biro. Ta ce malaminsu ya ce hujja sai rubutacciya, abin da aka ji a baki ba ya shiga. Na ce to rubuta, in ya so ta zama rubutacciya, ki sa a ƙasa wa ta faɗa, a wurin wa ta ji, da abin da ta manta. Don na manta wani abu. Cikin masu bulala ukun, sunan ɗaya ya ɓace mini, na yi juyin duniya bai dawo ba, kuma babu sauran mai ce mini "Koma."

Ranar Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, gida ya yi shiru. Na wanke hannu, na zauna a bakin gado, na ce mata ta fara daga sama, na shiga zuba mata takardar Dada da ka. Da sunan Allah. Ni ce uwar wanda aka ɗaure a turke ranar sunan 'yarsa. An ce zazzaɓi ne ya kashe shi. Ba zazzaɓi ba ne.